Zafin Ƙafar Ɗan Dukku

Yayana Malami tausa yake yi wa dawaki. Sana'arsa ke nan, da ita yake ci da iyalinsa. Duk ranar da na faɗi haka a shagona na ɗinki da ke unguwar Badariya a Birnin Kebbi sai mata su bushe da dariya, wata ta ce ita da take wuni a bakin murhu ba ta taɓa samun mai matsa mata kafaɗa ba, sai doki mai ƙafa huɗu. Ni ma da farko dariyar na yi. Lokacin da ya dawo daga Kaduna, inda ya yi shekaru a bargar masu wasan folo, ƙwallon da ake bugawa a kan dawaki, ya ce abin da ya koyo ke nan, cewa na yi ashe tafiyar banza ya yi. Sai da na tsaya na ga aikin da idona sannan na kama bakina.

Yakan ɗan murza man kaɗanya a tafinsa, ya ɗora hannu a wuyan dokin, ya tsaya kurum har dabbar ta sauke numfashi. Daga nan ya bi gadon baya a hankali da gindin tafin hannu, yana laluben inda nama ya ɗaure. In ya zo wurin, kunnen dokin ne ke fara faɗa masa. Sai ya kafa babban yatsa ya danna, ya riƙe, ba zai saki ba har sai leɓen dokin na ƙasa ya sake yana reto, ido ya lumshe, wani ma har hamma yake yi. Dokin tseren da ya dawo jiki a sandare, gobe ka gan shi yana taku yana wasa da wuya. Masu dawakin sukuwa daga Jega, daga Bunza, har daga Kamba aiko masa da mota suke yi.

Amma a gidanmu Malami ba shi da baki. Shi ne ɗan fari, mahaifinmu kuwa, Alhaji Hodi, mutumin da ne, kunyar ɗan fari a wurinsa ba abin wasa ba ce. Bai taɓa kiran sunan Malami ba. Ba ya kallonsa, ba ya yi masa magana kai tsaye, in Malami ya shigo zaure shi sai ya tuna akwai abin dubawa a gona. Malami kuma a haka ya tashi, in ya hango Baba sai ya durƙusa daga nesa ya gai da ƙasa. Tun rasuwar Umma ni da ƙanenmu Zulkifli ne ke ɗaukar magana daga wannan mu miƙa wa wancan, mutum biyu suna tsaye a barga ɗaya. Ba ƙiyayya ba ce. Na sha kama Baba a bayan rumbu yana leƙen Malami yana aiki, fuskarsa fal da jin daɗi. Amma wallahi abin yana gajiyar da ni.

Bargar tana Ambursa, a bakin gonar shinkafarmu, kuma a cikinta aka haifi Ɗan Dukku. Baƙin doki ne wuluk, dogo, mai son a kalle shi. Baba ya ƙare ƙuruciyarsa yana sukuwa a kan dawakin mutane, ya sha ci musu tsere a Argungu, amma bai taɓa shiga filin nan da dokin da aka haifa a turkensa ba. Goɗiyoyinsa sun yi ta haihuwa, ba a dace ba, sai a kan wannan. Tun da aka sa ranar tseren bana, wanda za a yi cikin makon bikin kamun kifi, Baba ba ya wata magana sai ta Argungu. Zulkifli ne zai hau. Yaron nan ya daina cin tuwo don kada ya yi wa doki nauyi, har matarsa ta zo ta yi mini kuka wai an mayar mata da miji kara.

Ana gab da tseren, wata safiya ina kan keken ɗinki, waya ta yi ƙara. Malami ne, shi da ba ya kiran mutum sai da dalili.

"Laure, kina shago?"

"Ina shago. Mi yah hwaru?"

"Zulkifli ya hita kilisa bakin hwadama, ƙahwar dokin ta zurma cikin tsagewar laka. Ta gaba, ta hagu. Jijiyar bayan ƙwauri ta ɗau zahi."

"To sai mi? Ba kai na mai gyara ba?"

"Wagga ba ta tausa ba ta. Hutu take so, na watanni. In dokin ga ya yi gudu na gaske, tana iya tsinkewa."

"In ta tsinke hwa?"

Ya ce, "Sai shi hwaɗi da kai. Kuma Zulkifli na bisa."

Ban san lokacin da na bar rigar mutane a ƙarƙashin allura ba. Na tare ɗan kabu-kabu a bakin titi na ce Ambursa, ina zaune a baya ina ji kamar in karɓi mashin ɗin in tuƙa da kaina.

Zulkifli na fara tararwa, yana wanke linzami a bakin rijiya. Na tambaye shi ko ya isar wa Baba da saƙon Yaya. Ya ce ya isar. Na ce ya maimaita mini abin da ya faɗa, kalma da kalma. Ya sosa ƙeya ya ce ai ya gaya masa ƙafar ta ɗan bugu amma tana samun sauƙi.

"Haka Yaya yac ce maka?"

"Kusan haka na."

"Kusan haka! Wuyanka na za shi karye, ba nau ba, sakarai."

Ya ce ni ban san abin da ake ji ba in mutum ya shekara yana jiran rana ɗaya. Na bar shi nan na nufi barga, raina a ɓace.

Baba yana zaune a kan buzu a inuwar dogon yaro, Malami yana can bayan doki yana zuba wa ƙafar ruwan randa. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa maganar yadda take, ban rage komai ba. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya miƙe, ya ce a kwance dokin a zaga da shi. Zulkifli ya ja ragama, Ɗan Dukku ya bi shi yana taku ɗaiɗai, kai a sama, ko alamar ɗingishi babu. Na kalli Malami. Ya sunkuyar da kai.

Baba ya tsuguna, ya ɗora hannun dama a gwiwar dokin, ya shafo ƙasa a hankali har kofato, yadda yake yi kowace safiya tun kafin a haife mu. Duk Ambursa an san hannun nan. Mutum kan jawo dokin da zai saya tun daga wani gari don kawai Alhaji Hodi ya shafa masa ƙafa, in ya ce a saya a saya, in ya girgiza kai ciniki ya mutu.

"Sanyi ƙalau," in ji shi. Ya miƙe yana kaɗe riga. "Ki gaya ma mutumen ga, hannun ga na taɓa ƙahwar doki tun uwatai ba ta san za ta haihe shi ba."

Mutumin da ake cewa in gaya wa yana tsaye, tsakaninsu bai fi tsawon doki ba. Na ce to a kira likitan dabbobi ya duba mana. Baba ya ce ba baƙon da zai taɓa masa doki ana gab da tsere, mutane ba duka ke da ido mai kyau ba. Ya sa takalmi ya yi cikin gona.

Na juya kan Malami. Na ce yaya aka yi dokin da ya ce yana ciwo yake taku kamar ango? Ya ce da dokin ya dawo yana ɗingishi sosai. Saboda kare ƙafar, sai kafaɗa da baya suka ɗaure, shi kuma ya zauna ya warware su, ya yi ta zuba ruwan sanyi a jijiyar. Ɗingishin ya tafi. Ciwon yana nan.

"Ashe kai ka ɓoye shi da hannunka," na ce. "To ka daina. Kak ka ƙara taɓa shi. Bari ɗingishin shi dawo, Baba shi gani da idonai."

Ya daɗe yana kallon dokin. Ya ce to.

Na koma Badariya amma ban iya zama ba. In na hau keke sai in sauka, in na sauka sai in rasa abin da ya saukar da ni. Na ɗinka wa wata mata hannun riga a juye, na farke, na sake ɗinka shi a juye. Maigidana ya ce in ba zan ci abinci ba in daina juya cokali a kwano, ƙarar tana damunsa. Ko'ina na duba sai in ga Zulkifli a ƙasa, doki a kansa. Tsoro nake ji, tsoro na gaske.

Da na sake komawa Ambursa, tun daga ƙofar barga na hango abin da na hango. Malami ya jingina goshi da kafaɗar Ɗan Dukku, hannayensa biyu suna aiki, dokin ya saki leɓe yana lumshe ido.

"Yaya! Mi munka yi da kai?"

Bai ɗago ba. "Na gwada, Laure. Jiya ban taɓa shi ba. Ya ƙi cin harawa. Shina ɗaga ƙahwa shina ajewa, in na gitta shi bi ni da ido. Ba ni iyawa."

"Ka iya kallon ƙanenka ƙarƙashin doki, amma ba ka iya kallon doki ya ƙi cin harawa?"

Maganar ta yi zafi, na sani. Hannunsa ya tsaya. Na ce to tunda haka ne ya je ya tsaya a gaban Baba ya faɗa masa da bakinsa, shi ne ya san aikin, ba ni ba da ko jaki tsoronsa nake ji.

"In ce mai mi? In ce hannunai ya yi ƙarya?"

"Ka ce mai abin da kaj ji."

"Ban taɓa ba, Laure. Ban san ta inda ake hwarawa ba."

Mutum mai furfura a gemu, mai 'ya'ya har sakandare, yana gaya mini bai san yadda ake yi wa ubansa magana ba. Na rasa ko in zage shi ko in yi masa kuka. Na fita ban yi sallama ba.

Daga nan kasuwa na wuce, wurin Baba Irimiya. Mutumin Filato ne, amma ya daɗe a Birnin Kebbi har 'ya'yansa sun fi mu iya zagi da Kabanci, Hausarmu ta nan. Babbar motarsa ce ke ɗaukar dawakin Baba duk inda za a je, kuma su biyun in suka haɗu sai ka rantse tare suka yi wasan ƙasa. Na same shi a ƙarƙashin motar, ƙafafu kawai a waje. Na tsuguna na roƙe shi ya ce mota ta lalace ranar tafiya.

Ya fito yana goge hannu da tsumma. "'Yata, tun kina goye nake ɗaukar dawakin babanki, ban taɓa yi masa ƙarya ba. Kuma in na ce ta lalace, wata zai nemo, ta wanda bai san yadda ake taka birki da doki a baya ba. Bari dai in yi masa magana."

Ya cika alkawari. Safiyar tafiya, ana ƙoƙarin hawar da dokin, na ga ya ja Baba gefe suna magana ƙasa-ƙasa. Baba ya yi dariya ya dafa shi.

"Irimiya, kai ka san inji, ni na san doki. In motarka ta yi tari ban ce maka komi."

Ba wanda ya gayyace ni Argungu. Na dai ɗauko mayafi na shige gaban mota na zauna tsakanin tsofaffin biyu, Baba ya kalle ni ya ƙyale. Malami da Zulkifli suna baya tare da dokin.

Hanyar nan na san ta kamar tsakar gidanmu, amma ranar ta yi mini tsawo ta kuma yi mini gajarta. Shinkafar rani ta yi kore shar hagu da dama, injinan ban ruwa suna ta tatata. Motoci cike da masunta suna wuce mu, goruna da homar kamun kifi a ɗaure a sama, samari suna ihu. Duk ramin da muka faɗa sai in waiga ta ƙaramar tagar baya. Abin da nake gani kawai bayan Malami ne, ya tokare kafaɗar dokin da tasa don kada nauyi ya sauka a ƙafar. Baba kuwa labari yake ba Irimiya na wani tsere da ya ci tun ana zuwa Argungu a kan hanyar burji, yana dariya har da tari. Na daɗe ban ga farin ciki irin wannan a fuskarsa ba, shi ya ƙara dagula mini lissafi. Ina son ya samu abin da yake so. Ina kuma son motar ta mutu a tsakiyar hanya.

Ba ta mutu ba. Hantsi ya ɗaga muka isa filin sukuwa, rana ta riga ta fara cizo. Dawaki ko'ina, kowane da mutanensa a gindin bishiya, masu sayar da ruwa da rake suna ratsawa, lasifika tana ta kiran sunaye. Muka samu inuwa can gefe muka sauke Ɗan Dukku. Yana jin hayaniyar ya miƙe kunnuwa ya yi haniniya, ya fara rawa a wuri ɗaya. Mutane suka fara tsayawa suna kallonsa, tsofaffi suna zuwa gai da Baba, wani ya ce ashe Hodi da ransa, wani ya ce bana kam an zo da magana.

Malami ya ɗebo ruwa ya tsuguna yana zuba wa ƙafar. Ban san abin da ya shige ni ba. Ni da ban taɓa matsawa kusa da kofato ba, na je na tsuguna kusa da shi na ce ya nuna mini wurin. Ya kama yatsuna ya ɗora a bayan ƙwaurin dama. Sanyi, da tauri kamar igiya. Ya mayar da su na hagu. Na janye hannu da sauri. Zafi ne irin na goshin yaro mai zazzaɓi, wurin kuma ya yi taushi, ya ɗan tasa.

Na kira Zulkifli na ce ya taɓa. Ya taɓa.

"Ka ji?"

"Na ji kamar da ɗumi," in ji shi. "Amma Baba ya ce sanyi."

Kun ji fa. Tafin hannunsa yana gaya masa abu, shi yana jiran na Baba. Kuma gaskiya ko ni, da na ji zafin da kaina, sai da wani abu a raina ya ce anya ba rana ce ta dake wurin ba? Haka muka tashi. In Baba ya shafa ƙafar doki ya yi magana, an gama.

Lasifika ta ce masu zagaye na gaba su shirya. Baba ya sallami abokansa ya taho, yana tafiya kamar saurayi. Na tare shi na ce, "Baba, don Allah, don darajar Umma, ni ma na taɓa, wallahi da zahi." Ya ce in matsa. Ya tsuguna, ya shafo ƙafar da hannun dama tun daga gwiwa har ƙasa, ya miƙe.

"Lahiya lau. Zulkifli, ɗauko sirdi."

Zulkifli ya ɗauko sirdin. Irimiya ya cire hula ya mayar. Ni kuwa na ji zan iya kwanciya a gaban dokin in yi ta ihu har a taru.

Sai Malami ya ajiye bokiti. Ya zagayo ta gaban dokin, ba ta baya ba inda ya saba laɓewa, ya zo har gaban Baba ya durƙusa. Ya buɗe baki, magana ta ƙi fita. Ya sake buɗewa. Sannan ya miƙa hannu ya kama wuyan hannun Baba.

Na ji Zulkifli ya ja numfashi. Baba ya kau da kai da sauri, ya juya fuska can wajen fili, wuyansa ya sandare. Bai fizge ba, ina jin mamaki ne ya hana shi. Malami ya jawo hannun a hankali, Baba ya biyo shi ya rusuna, har tafin ya sauka daidai kan jijiyar. Ya danne shi a wurin, ya riƙe.

"Sanyi," in ji Baba, yana gaya wa iska. "Laure, ki ce mai sanyi na."

Malami ya ɗago ya dubi hannun da ke cikin nasa. Na ga fuskarsa ta sauya, irin sauyin da take yi in yana bin bayan doki ya zo wurin da bai gane ba. Ya ɗauke tafin daga ƙafar, ya juya shi sama, ya saki wuyan hannun ya tallafe shi daga ƙasa. Ya kafa babban yatsa a tsakiyar tafin ya danna. Na san yatsan nan, na ga ya sa ingarma ya lanƙwasa baya. Ya danna har farcensa ya yi fari. Ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya yana matsa kan kowane. Baba yana kallon fili, ko gezau.

"To," in ji Baba, "tunda ya sakam man hannu, Zulkifli, ɗaura sirdin ga. Ana kira."

Ba wanda ya motsa. Zulkifli yana rungume da sirdi, baki a sake. Irimiya ya ce, "Alhaji," a hankali, bai ƙara komai ba.

Shirun ne ya sa Baba ya waigo. Ya ga hannunsa kwance cikin hannayen Malami biyu, yatsa a nutse a tsakiyar tafin. Ya tsaya yana kallo kamar hannun wani ne aka nuna masa. Ya motsa yatsun, suka motsa. Malami ya sake dannawa, a gaban idonsa. Baba ya kalli yatsan, ya kalli tafin.

Sai ya durƙusa sosai, gwiwa a ƙasa, ya miƙa hannun hagu, wanda bai taɓa duba doki da shi ba. Ya ɗora a bayan ƙwaurin. Bai daɗe ba ya ɗauke.

"Inna lillahi," ya ce. Ya sake ɗorawa, ya bar shi a wurin. Dokin ya sunkuyo yana shinshinar hularsa. "Na aza tsuhwa na. Na ji hannun dama da nauyi tun damina, na aza tsuhwa na kawai."

Tausayinsa ya kama ni. Duk haushin da na kwana biyu ina ji ya bi iska, saura tsoro, sabo, ba na doki ba.

"Zulkifli," in ji Baba, muryarsa ta dushe. "Aje sirdin ga."

Zulkifli ya ajiye shi a ƙasa, ya zauna a kai, ya rufe fuska da hannu. Ban sani ba ko baƙin ciki ne ko sauƙi ya ji, ina jin shi ma bai sani ba. Lasifika ta kira Ɗan Dukku na Alhaji Hodi daga Ambursa. Ta sake kira. Mutanen da ke kusa suka juyo suna kallonmu, wani ya ɗaga murya ya ce ku ake kira fa. Irimiya ya ɗaga masa hannu ya girgiza kai, sannan ya tafi buɗe bayan mota.

Can aka saki dawakin. Ƙasa ta ɗauki rugugi, jama'a suka kaure da ihu, Ɗan Dukku ya yi ta fizgar ragama yana son ya bi. Baba bai ko waiga ba. Yana durƙushe, Malami yana durƙushe, gwiwoyinsu sun kusa haɗuwa. Sai na ga ya ɗago ido ya sauke a fuskar Malami, ya bar shi a nan.

"Kai," ya ce. Ya tsaya, kamar kalmar ta yi masa nauyi a baki. "Kai da ka san jijiya. Hannun ga, shina tashi?"

Malami ya juyo ya kalle ni, yana jiran in ɗauki amsar in miƙa. Na ja mayafina na rufe baki na kalli gefe.

Na ji Malami ya yi gyaran murya. Na ji ya sake yi.

"Ban sani ba, Baba," ya ce. "Sai mun je asibiti sun diba. Yau za mu, ba gobe ba."

"To," in ji Baba.

Da na juyo, hawaye na bin gemun Malami, yana murza tafin a hankali tun daga gindin yatsu. Baba ya zuba wa wurin ido, yana kallon abin da ba ya ji.